Daga Katakan Froebel Zuwa Rabin Aji: Waiwaye Kan Koyo Ta Hanyar Wasa

A watan Agustan 1851 gwamnatin Prusiya, ɗaya daga cikin manyan daulolin Jamus na wancan zamani, ta haramta wata irin makaranta. Ba wajen horar da 'yan tawaye ba ne. Makaranta ce da 'yan shekara uku zuwa shida ke rera waƙa, su jera ƙananan katakai, su ba shuka ruwa. Ministan ilimi, Karl von Raumer, ya zarge ta da cusa wa yara gurguzu da rashin yarda da Allah. Alamu sun nuna cewa ya rikita mai makarantar, Friedrich Froebel, da ɗan ɗan'uwansa Karl Froebel, wanda shi ne ke rubuce-rubucen da hukuma ba ta so. Tsohon ya yi ta bayani, ba a saurare shi ba. Ya rasu a 1852, dokar kuwa sai a 1860 aka janye ta.

Froebel ya tashi ba uwa, domin mahaifiyarsa ta rasu tun bai cika shekara ba. Ya koyi aikin gandun daji, ya zauna wajen Pestalozzi, shahararren malamin nan na Suwizalan, ya kuma yi aiki a gidan adana ma'adinai a Barlin, yana nazarin yadda duwatsu ke fitowa da kusurwa da fuska a tsare. A 1837 ya buɗe wajen wasan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. Lambun ma na gaske ne: kowane yaro yana da ɗan fangalinsa, ga kuma na tarayya.

Kayan wasan da ya ƙera ya kira su kyaututtuka, kuma bi da bi ake miƙa su. Na farko ƙwallaye shida ne masu laushi na ulu, kowace da launinta. Na biyu ƙwallon katako, da guntun katako mai siffar ganga, da wani mai fuska shida daidai wa daida. Na uku shi ne wanda ya fi suna: wannan mai fuska shidan, amma an yanka shi gida takwas. Yaro zai fito da shi daga akwati a dunƙule, ya raba, ya gina kujera, daga kujerar ya gusa guda biyu ta zama gado, daga gadon ta zama rijiya. Ana son ya yi amfani da duka takwas ɗin, kada kuma ya rushe ya sake daga farko, sai dai sabon gini ya fito daga cikin tsohon. In an gama ya haɗa su, su koma akwati yadda suka fito. Ba a ce masa uffan kan rabi ko rubu'i ba, amma hannunsa ya riga ya san su. Masu zaton koyo ta wasa na nufin a saki yara su yi ta guje-guje ba su duba yadda abin ya faro ba.

Haramcin Prusiya bai kashe tsarin ba, waje ya kora shi. Jamusawa da yawa sun yi ƙaura bayan juyin juya halin 1848 ya ci tura, suka tafi da shi. Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown na jihar Wiskonsin, da harshen Jamusanci. Elizabeth Peabody ta buɗe na Ingilishi a Boston a 1860, sannan a 1873 Susan Blow ta shigar da shi makarantar gwamnati a Sen Luwis. Kamfanin Milton Bradley ya shiga ƙera katakan yana sayarwa.

Daga nan ne kuma abin ya sandare. Almajiran Froebel sun mayar da kyaututtukan tamkar farilla. Aka zana wa teburan aji layuka na inci ɗaya-ɗaya, malama na kiran umarni, yara na ɗora katako inda aka ce, duka a lokaci guda. Sunan wasa yana nan, wasan ya tafi. Wannan ne ya harzuƙa masanin falsafa da ilimi ɗan Amurka John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896. A ganinsa tunani ba ya motsawa sai mutum ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai, don haka ya sa yara girki da saƙa da aikin kafinta, inda tambaya ke tasowa da kanta. Tushen abin da yanzu ake kira koyo ta bincike ke nan. Patty Smith Hill kuwa, wata malamar ƙananan yara a Amurka, da girman katako ta mayar da martani: ta sa aka yi manya, waɗanda yara za su gina ɗaki da su har su shiga ciki. Katakon da ya fi ƙarfin yaro ɗaya dole ya nemi abokin ɗauka, daga nan sai shawara, sai gardama, sai sulhu.

Maria Montessori, likita 'yar Italiya wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a Rum a 1907, ana yawan jefa ta cikin wannan sahu, ko da yake ita aiki take kiran abin da yaranta ke yi, kuma ba ta cika damuwa da wasan kwaikwayo irin na uwa da 'yar tsana ba.

Labarin da ya fi jan hankali daga arewacin Italiya ya fito. A 1945, yaƙi na ƙarewa, mutanen ƙauyen Villa Cella kusa da birnin Reggio Emilia suka sayar da tankar yaƙi da motoci da dawakin da sojojin Jamus suka gudu suka bari, suka tsinci tubali daga gidajen da bam ya rusa, suka gina wa 'ya'yansu makaranta. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya hau keke ya je ganin ƙwaƙwaf, ya zauna ke nan. A 1963 hukumar birnin ta buɗe tata makarantar. A can aiki guda kan ɗauki makonni ko watanni, kuma daga bakin yara yake fitowa. A wata makaranta yaran sun ce tsuntsaye ma suna bukatar wajen shaƙatawa, sai aka shiga zane da gwaji kan yadda ruwa ke hawa bututu da yadda yake juya ƙafar inji, har aka gina abin a tsakar gida. Aikin malamai shi ne su rubuta abin da yara suka faɗa kalma da kalma, su ɗauki hoto, su liƙa a bango, su zauna su tattauna inda za a dosa gobe. Bayan mujallar Newsweek ta sa makarantar Diana ta birnin cikin fitattun makarantun duniya a 1991, baƙi suka yi ta tururuwa. Da dama sun koma gida da kwandunan saƙa da fentin bango, suka baro rubutun da zaman tattaunawar a can, alhali su ne wahalar, su ne kuma amfanin.

A Amurka kuwa iska ta juya. Dokar ilimi da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ɗaure makarantu da jarrabawa daga aji uku, matsin ya yi ta gangarowa har ya iso kan 'yan shekara biyar. Binciken da Daphna Bassok da abokan aikinta suka fitar a 2016 ya nuna cewa a 1998 kashi 31 cikin ɗari na malaman wannan aji ne ke ganin ya kamata yaro ya iya karatu kafin ya fita. Zuwa 2010 sun kai kashi 80. Lokacin zane da kiɗa ya ragu.

Masu kare wasa suna da hujja mai kyau a wani gwaji na Elizabeth Bonawitz da abokanta a 2011. An ba yara wani abin wasa mai bututu da ke yin abubuwa huɗu. Waɗanda aka ce musu ga yadda yake aiki, aka nuna musu guda, sun fi tsayawa kan wannan gudan. Waɗanda mai gwajin ta yi kamar tsautsayi ne ya sa abin ya yi ƙara, su suka fi tono sauran. Sai dai hujjar tana da iyaka. Babu yaron da zai gano da kansa cewa wannan harafi wannan sauti yake bayarwa, domin yarjejeniya ce ta mutane, sai an faɗa masa. Lardin Ontariyo na Kanada ya ɗanɗana wannan. Ya fara ajin yini guda na 'yan shekara huɗu da biyar a 2010, ya game lardin a 2014, ya fitar da manhaja mai tushe a wasa da bincike a 2016, kowane aji da manya biyu: malami da ƙwararre kan renon yara. A 2022 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin ta ce yadda ake koyar da karatu yana cutar da yara da yawa, musamman masu matsalar gane haruffa. A 2024 gwamnati ta sanar da shigar da koyar da sautin haruffa da lissafi kai tsaye, ba tare da ta soke wasan ba.

A Nijeriya maganar ta daɗe a takarda. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977, ta ce a cusa wa ƙananan yara son bincike da ƙirƙira, wasa ya zama babbar hanyar koyarwa, a kuma yi da harshen uwa ko na yankin. Bugun 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Amma leƙa nazare ko rabin aji a yawancin garuruwanmu: ɗan shekara huɗu na kwafar ɗaya zuwa ɗari, yana komawa gida da aikin gida, ana ba shi matsayi na nawa ya zo. In ka yi magana a ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan yaron kuwa da yamma shi ne zai fere kara ya haɗa mota mai ƙafafun da ke juyawa, ƙanwarsa na raba tuwon ƙasa daidai da yawan baƙinta.

Ba a rasa kayan wasa ba, kuma bai dace a ɗora wa iyaye laifin duka ba. Uban da ya biya kuɗin makaranta da guminsa yana da haƙƙin ya ga abin da ya saya, littafin da aka cika da rubutu kuwa shi ne shaidar da ta fi sauƙin nunawa. Reggio ta amsa wannan bukata da rubutun malamai a bango, Ontariyo ta sa manya biyu a aji don a samu mai lura. Malamar da ke riƙe da aji cike maƙil ita kaɗai, wadda sau da yawa ba a horar da ita kan ƙananan yara ba, ba ta da hannun da za ta rubuta abin da wani yaro ya faɗa game da inuwarsa, sai ta ɗauki alli ta ce a maimaita.