Waiwaye: Kano da nakasassunta, daga Makafin Dala zuwa wa'adin da ya wuce shiru

A watan Janairun 2024 wani wa'adi ya cika a Najeriya, amma ba a ji ɗuriyarsa ba. Shekara biyar dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta ɗibar wa gine-ginen da jama'a ke shiga, da hanyoyi, da motocin haya, domin a gyara su yadda gurgu da makaho da kurma za su yi amfani da su ba sai an ɗauke su cak ko an ja su ba. Wa'adin ya zo ya wuce. Wanda duk ke zirga-zirga a Kano bai buƙatar rahoton kowa kafin ya san abin da aka yi da shi. Matakala tana nan a ƙofar ofis, kwata tana nan baki buɗe a gaban shago, ƙofar banki kuma har gobe mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai a tsaye.

Za a yi wa Kano rashin adalci idan aka ce ba ta taɓa tanadar wa nakasassu wuri ba. Ta tanada, tun kafin zuwan Turawa. Abin dubawa shi ne wane irin wuri ne.

A tsohon tsarin birni, kowane rukuni yana da shugabansa da fada ta sani: Sarkin Makafi, Sarkin Kutare, Sarkin Guragu, Sarkin Bebaye. Ba sarautar wasa ba ce. Shi ke sasanta rikici tsakanin mutanensa, shi ke karɓar baƙon da ya shigo gari daga ƙauye ya nema masa masauki, ta hannunsa zakka da sadakar masu hali ke isa, shi kuma ke kai kuka fada idan an taɓa ɗaya daga cikinsu. Makafi har unguwa suke da ita, sunan Makafin Dala bai ɓace ba har yau. Kuma ba bara kaɗai suka riƙe ba. Tufkar igiya sana'ar makafi ce da aka san su da ita a ƙasar Hausa, a cikinsu an yi alarammomi da mawallafa waƙa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙarsa ta Imfiraji ta shiga gidajen da malaman boko ba su taɓa takawa ba. Kurame su ma suna da harshensu, maganar hannu, wadda suka gada a tsakaninsu ba a aji ba. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta tabbatar a rubuce cewa harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa.

Tsarin ya ciyar da mutane, ya ba su suna da jama'a. Sai dai ya ajiye su a bakin ƙofa: ƙofar masallaci ranar Juma'a, ƙofar gidan attajiri, ƙofar kasuwar Kurmi. Mai lafiya yana bayarwa don neman lada, nakasasshe yana karɓa yana addu'a, kowa ya san matsayinsa. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa mai karɓar ba ya shiga ciki. Mu da muke karanta suratu Abasa, muke kuma ba da labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi ladanci aka kuma bar masa riƙon Madina, ya kamata a ce mun riga kowa yin wannan tambayar.

Zamanin Turawa ya zo da asibiti da keɓewa. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da sansanonin kutare na lardunan Arewa, irin su Yadakunya a nan Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 suka buɗe asibitin ido na Kano wanda yanzu ke hannun ECWA, a 1953 kuma aka kafa makarantar makafi a Gindiri. An sami magani, an sami karatu, amma an ƙara nisanta mutanen daga gari, kuma iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu don gudun a sauya musu addini. Da gwamnati ta karɓi ragamar a shekarun 1970, ta bi sawun da ta tarar: makaranta ta musamman guda a Tudun Maliki, inda ake tara makafi da kurame daga ko'ina a jihar. Maganar hannun da ake koyarwa a irin waɗannan makarantu ma ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda wani kurma ɗan mishan, Andrew Foster, ya shigo da ita Ibadan a 1960. Sai yaro ya dawo hutu da harshen da kurman unguwarsu bai sani ba. Magungunan da ake haɗawa a sha tare, waɗanda aka fara bayarwa a shekarun 1980, sun karya lagon kuturta, amma wanda ta riga ta cinye wa yatsu bai sami hanyar komawa cikin gari ba.

Babin da ya fi ciwo shi ne na shan inna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 sun mutu, wasu sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki, aka yi ta shari'a har aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa jita-jita ta sami gindin zama a 2003, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi. Sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi. A tsakanin nan cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Bayan an dawo ma ba a huta ba: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna, wadda ba daga rigakafi ta samo asali ba, ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a ranar 25 ga Agustan 2020. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a 2003 yanzu sun haura shekara ashirin. Suna neman gurbin karatu, suna neman aiki, suna neman aure. Kuɗin da duniya ta zuba don kada a ƙara samun irinsu bai bi su ya ga yadda suke shiga aji ba.

Abin da ya fi amfanar su, su suka ƙirƙira da hannunsu. Ƙungiyar waɗanda suka tsira daga shan inna a Kano, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta kafa wurin walda inda guragu ke ƙera keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Ka duba keken nan da kyau: fedar da aka saba takawa da ƙafa an ɗago ta zuwa ƙirji, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba, a baya kuma ga ɗan wurin ɗora kaya. An yi shi ne don titin Kano mai rami da yashi, inda kujerar asibiti da ake rabawa a gaban 'yan jarida ba ta yin wata uku. Mutanen wannan ƙungiya su ne kuma suka riƙa bin gida-gida suna ce wa iyaye masu taurin kai su dube su su gani, hujjar da ta fi ta kowane likita shiga. Haka ma ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai taya: Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro ta a 1988, yau ana buga ta har a wajen Najeriya.

Ita kuwa hukuma, abin da ta fi saurin yi shi ne hana bara. Gwamnatin Kwankwaso ta yi dokar hana bara a titi a 2013, ta Ganduje ta sake shelar hanin a watan Fabrairun 2020, Hisbah ce ke kamen. Ba na cikin masu kare bara. Duk wanda ya ga yarinya 'yar shekara takwas tana jan sandar mahaifinta a tsakanin motoci a lokacin da sa'o'inta ke aji, ya san makanta ɗaya tana cin rayuwa biyu, ta makahon da ta ɗan jagora. Amma a kori mutum daga bakin ƙofa alhali ba a buɗe masa ƙofar ba, ina aka ce ya nufa? Shi ya sa kowane kame ke ƙarewa iri ɗaya. A kwashe su, a yi musu gargaɗi, bayan 'yan makonni su dawo kan danja.

Tafiyar dokar kare nakasassu a matakin tarayya ta yi tsawo har ta gundura. Gwamnatin soja ta fitar da wata a 1993 da ba ta taɓa aiki ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudiri a 2011, ta sake a 2015, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Legas ba ta jira ba, ta yi tata a 2011. Sai a ranar 23 ga Janairun 2019, ana dab da zaɓe, bayan nakasassu sun yi zanga-zanga a Abuja, aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu. Hukumar nakasassu ta ƙasa ta samu shugabanni a 2020. Kano ma ta yi tata dokar a zamanin Ganduje.

Dokar tarayyar ba ta da laifi a takarda. Ta haramta wariya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ba su karatu kyauta har sakandare da fifiko a layi, ta kuma hana a yi amfani da su wajen bara. Sashen da na fi ganin muhimmancinsa shi ne wanda ba a cika ambata ba: kafin a gina wurin da jama'a za su shiga, dole a duba zanen, kuma jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'ida zai iya fuskantar tarar aƙalla naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu. Wato maganar ba ta ma'aikatar jin ƙai ba ce kaɗai. A Kano, ta teburin hukumar tsara birni ta KNUPDA ce, inda ake buga wa zanen plaza da asibiti da makaranta hatimi.

A shekarun nan da ake ta wannan muhawara, Kano ta yi gini kamar ba gobe. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, doguwar gadar Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro, ga benaye da suka cika Kantin Kwari. Duk an yi su ne da mai mota a rai. Inda aka raba titi da shingen kankare aka ɗora gadar masu tafiya a ƙasa, matakala ce zalla, mai keke sai ya yi doguwar zagaye ko ya kutsa cikin motoci. Gefen titin da aka shimfiɗa wa masu tafiya, mai shayi da mai gyaran waya da janareta sun riga sun raba, makaho kuwa sandarsa ce kaɗai ke gaya masa inda murfin kwata ya ɓace. Inda aka yi gangaren hawa ma, sau da yawa don cika umarni ne. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce kowane taku 1 na tsayi a ba shi taku 12 na tsawo, amma sai ka ga an zuba siminti a tsaye kamar zamiyar yara, an lulluɓe shi da tayil mai santsi, a samansa kuma ga ƙofa mai dokin ƙarfe.

Akwai abubuwan da ba siminti ne ke tare su ba. Direban Adaidaita Sahu ya hango keke a gefen mai tsayar da shi sai ya ƙara wuta, don ɗora keken zai ci masa wurin fasinja. Kurma mai juna biyu ta je awo, dole ta tafi da ƙanwarta ko ɗanta ya fassara mata abin da ko mijinta ba ta so ya ji a bainar jama'a. A masallatai da dama gurgu yana sallah a waje kusa da takalma, wai tayar kekensa ta taka najasa, kurma kuma yana zaune har a sauko daga mumbari bai san abin da huɗuba ta ƙunsa ba. Zabiya yana zaune a bayan aji ba ya ganin allo, malam na ɗaukarsa daƙiƙi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kasafin biliyoyi.

An ɗan motsa a wasu wurare. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman da ke yaye malamai, hukumar JAMB tana shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, Kano na cikinsu. Dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa hukumar zaɓe tanadar abin taimako kamar rubutun makafi da rubutu mai manyan haruffa, ko da yake rumfar da ke bayan kwata ba ta san da wannan ba. Ƙungiyoyin nakasassu na yanzu, waɗanda 'yan boko ke jagoranta, sun koyi zuwa majalisa da takarda maimakon zuwa fada da roƙo, kuma tsakaninsu da tsofaffin sarakunan nasu akwai 'yar tsama kan wanda ya cancanci magana da yawun jama'a. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan masu shi sun fi ɗaya.

Ko yawansu ma ana ta ja-in-ja. Ƙidayar 2006 ta ce nakasassu miliyan 3.2 ne a duk ƙasar, kusan kashi 2 cikin 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. Tazarar ta fito ne daga yadda ake tambaya, da kuma gidajen da ke ɓoye yaro a ɗaki idan mai ƙidaya ya yi sallama. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, don haka da waɗancan tsofaffin alƙaluman ake ware gurabe da kasafi a Kano har yanzu.