Rauta mai tsada ba ta ƙara saurin intanet

Da intanet ya yi nauyi, sai mutum ya ruga kasuwa neman rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, mai eriya shida. Alhali aikinta rabo ne kawai. In saurin megabit 20 kamfani ke turo maka, ko nawa ka saye ta, 20 ɗin za a raba wa wayoyin gida.

A ofis, sauya kaya na da amfani idan tsohuwar suwic (akwatin da ake jona kwamfutoci da kebul) mai ramukan megabit 100 ce ta shaƙe layin da ya fi ƙarfinta. A gida kuwa, galibi an cusa rautar ne bayan talabijin, ga bangon bulo biyu kafin ɗaki. Rautoci da yawa na watsa sigina iri biyu, 5GHz da 2.4GHz: ta 5GHz ta fi sauri, amma ba ta ratsa bango kamar 2.4GHz. Fito da rautar fili, ka ɗora ta sama tukuna.