Waiwaye: Yadda kason wata-wata ya kumbura gwamnati a Najeriya

Duk lokacin da aka tayar da zancen gyaran tsarin mulki, sai buƙatun sabbin jihohi su yi ta kwarara, a gefe guda kuma ana kukan albashi da hidimar ofisoshi sun cinye kuɗin aiki. Tushen abubuwan biyu ɗaya ne, kuma ba jiya aka dasa shi ba.

Kowa ya san lissafin: yankuna 4 a 1963, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, har aka kai 36 a 1996, ga ƙananan hukumomi 774. Galibi ana danganta wannan da tsoron danniya da ƙananan ƙabilu ke yi. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne dokar rabon arziƙi ta 1970. Kafin ita, yanki na riƙe rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa, En'e kuma, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da haraji da jangali take cika baitulmali. Dokar ta ce a kasa asusun rabo, wato kuɗin da ake tarawa a raba wa jihohi, gida biyu: rabi bisa yawan jama'a, rabi kuma a raba daidai wa daida tsakanin jihohi, babba da ƙarama. Niyyar ba ta da aibi, an fito daga yaƙin basasa ana neman ɗinke ɓaraka. Sai dai a duba lissafin. Jiha ɗaya cikin 12 kaso ɗaya take ɗauka daga wancan rabin. In ta rabu biyu, mutanen nan dai su ne, ƙasar ita ce, amma yanzu kaso biyu cikin 13 za su kwasa. Wa zai ƙi? Rabuwa ta zama hanyar samu, daidai lokacin da kuɗin mai ya fara ambaliya.

Kowace sabuwar jiha kuwa da kayanta take zuwa: gidan gwamnati, majalisa, kwamishinoni, sakatariya, jerin motoci. Tunda ba daga aljihun manomi kuɗin ya fito kai tsaye ba, ba kasafai yake bin ba'asi ba, kamar yadda zai yi da a ce shanunsa aka ƙirga.

Har yau, kashi 40 cikin 100 na rabon da ake yi tsakanin jihohi bisa wannan daidaiton ake yin sa.