Yadda ake sabunta yaren tsara da'irar lantarki ba tare da an karya tsohon kod ba

Wai tukuna ma, ana tsara da'irar lantarki da kod ne?

Ƙwarai kuwa. Cif ɗin da ke cikin wayarka ba zama aka yi aka zana ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya ba, rubuta shi aka yi, manhaja ta juya rubutun ya koma ƙofofin lojik da wayoyi. Yaruka biyu ne suka daɗe suna wannan aiki. VHDL ya fito daga wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka, IEEE, ƙungiyar injiniyoyi mai fitar da ƙa'idojin fasaha, ta amince da shi a 1987. Verilog kuma a kamfanin Gateway Design Automation aka ƙirƙiro shi wajen 1984, daga baya Cadence ya saye kamfanin, sai 1995 ya zama ƙa'idar IEEE 1364. Abin da ake gudun karyawa in za a sabunta su shi ne mahaɗa, wato duk inda kod ɗin wani ke jingina da naka: kalmomin yaren, mashiga da mafitar kowane sashe, da hanyar da shirin da aka rubuta da yaren C ke magana da manhajar kwaikwayo, wato mai gwada da'ira a kwamfuta kafin a ƙera ta.

To me zai hana a watsar da tsohon a fara sabo fil?

Kuɗi da tsoro. Sashen da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce, aka gwada shi har aka gaji, ya shiga cif ya yi aiki, babu injiniya mai hankali da zai so a taɓa masa shi don kawai an fito da salon rubutu mai kyan gani. Manhaja in ta yi kuskure sai a tura gyara ta intanet, amma cif in an riga an buga shi a siliki shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. A 1994 aka gano kuskuren lissafin rabawa a cif ɗin Pentium na kamfanin Intel, kamfanin ya ware dala miliyan 475 don musanya wa mutane.

Amma ai ƙari kawai ake yi, ƙari zai karya wani abu ne?

Nan fa mutane ke ruɗuwa. Da SystemVerilog, wato Verilog da aka faɗaɗa, ya zama ƙa'ida a 2005 ya kawo sabbin kalmomi keɓaɓɓu da yawa, waɗanda ba a yarda ka sa wa wani abu su a matsayin suna ba, irin su logic, bit, do da class. To ka ga wani bawan Allah tun a 1998 ya sa wa wata waya suna bit, a lokacin babu laifi ko kaɗan, yanzu yana ba wa sabuwar manhaja fayil ɗinsa sai ta tsaya cak ta ce rubutun ba daidai ba ne, alhali ko waƙafi bai canja ba. Maganin da aka samo shi ne umarnin begin_keywords, ka rubuta shi a saman fayil tare da "1364-2001", manhaja ta san da tsohon jerin kalmomi za ta karanta wannan wurin. Manhajoji da dama kuma suna duba ƙarshen sunan fayil, .v ko .sv. VHDL ma bai tsira ba, sigar 2008 ta keɓe kalmomi kamar force da release.

In wani ɓangare ya tsufa da gaske fa, ya ake raba gari da shi?

A hankali. Verilog na da tsofaffin hanyoyi biyu na haɗawa da C, waɗanda sunayensu ke farawa da tf da acc. Aka kawo sabuwar hanya mai suna VPI da ke yin aikinsu duka, aka bar su suna tafiya tare shekaru, sai a ƙa'idar 2005 aka cire bayanin tsofaffin. Duk da haka manyan manhajojin kwaikwayo ba su daina karɓarsu nan take ba, don kwastomominsu na da tulin kod a kai. Shi ma defparam, umarnin canja ma'aunin sashe daga waje, an daɗe da sa shi cikin jerin abubuwan da za a iya cirewa, har yanzu yana nan daram.

Ni ba yare nake rubutawa ba, ɗan sashe ne nawa da wasu ke amfani da shi. Me ya shafe ni?

Ai kai abin ya fi shafa. A ce sashenka yana da mashiga uku, clk, rst da data, sai ka ga kana buƙatar sabuwar mashiga mai suna en, ka cusa ta tsakanin rst da data don nan ta fi kyau a ido. Wanda ya haɗa da suna ba zai sha wahala sosai ba, amma wanda ya haɗa da jeri, wato na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, yanzu data ɗinsa ya faɗa cikin en, kuma Verilog a kan bambancin faɗin waya, wato yawan bit ɗin da take ɗauka, sau da yawa gargaɗi kawai yake bayarwa ya wuce, wa ke karanta gargaɗi cikin layuka dubu? Don haka sabon abu a ƙarshen jeri ake sa shi, sabon ma'auni kuma, wato lambar da ake saita sashe da ita, a ba shi ƙimar farko da za ta sa sashen ya yi daidai abin da yake yi jiya. In canjin babba ne, rubuta sabon sashe da sabon suna, tsohon sunan ya zama ɗan kwanso da ke kiran sabon daga ciki.

Wanda ya fi muni a ganina shi ne canjin lokaci. Sunaye na nan, faɗi na nan, amma amsar da ke fitowa bayan bugun agogo biyu yanzu sai bayan uku. Babu manhajar da za ta yi ƙorafi a lokacin haɗawa. Wannan karya alkawari ne ko da kuwa ba ka taɓa rubuta alkawarin ba, saboda mutane sun riga sun yi gini a kansa.

Ta yaya zan tabbatar ban karya komai ba?

Kar ka goge tsofaffin gwaje-gwaje, ka riƙa gudanar da su a kan kowace sabuwar siga ba tare da ka gyara su don su wuce ba. Akwai kuma manhajojin da ke tabbatar da cewa da'ira biyu daidai suke ta hanyar lissafi, manhajar Yosys ma da ake samu kyauta tana yi. In kuwa karyawar ta zama dole, ɗaga babbar lambar siga, daga 1 zuwa 2, ka rubuta abin da ya canja ƙarara, kuma ka sa tsohon haɗi ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya da saƙon da ke faɗa wa mutum inda zai gyara.