Taron binciken salsala a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Da me wannan taro ya bambanta da taron zumunci?

Taron zumunci, irin wanda gidaje da dama a birnin Zariya kan yi bayan Sallah, na gaisawa ne da sasanci da tallafa wa mabuƙaci. Taron salsala kuwa zaman koyon aiki ne, inda mutane daga gidaje daban-daban kan haɗu, kowa da abin da ya tattaro game da kakanninsa, a karanta, a gwada da na wani, a gyara. A Landan akwai ƙungiyar masu wannan bincike tun 1911, amma a nan zaure da tabarma da littafin rubutu sun isa a fara.

Daga ina mai koyo zai fara?

Daga tsofaffin gidansu, kuma a ganina daga mata. Dattijo yakan jero uba da kaka da kakan kaka ya tsaya, amma gwaggo ko kaka ita ce ta san wadda aka auro daga Kwarbai, da wadda aka kai Limancin Kona, da yaron da aka bayar riƙo, da wanda ya sha nonon wata. Sai a nemi izininta a ɗauki muryarta a waya, sannan a rubuta sunanta da ranar hirar kusa da kowane bayani, domin gobe idan riwayoyi suka saɓa a san mai kowace magana.

Me ya sa sunaye suke rikita masu bincike?

Saboda Bahaushe bai gaji sunan gida guda da ke bin zuriya ba, kuma mutum ɗaya yakan ɗauki sunaye uku ko huɗu. Akwai sunan yanka, akwai na rana kamar Ɗanladi ko Talatu, akwai laƙabi, akwai kuma na sarauta ko sana'a wanda yakan danne sauran. Ga alkunya, wadda ke hana uwa ambaton sunan ɗan fari, ta hana mace kiran sunan mijinta, har jikoki su girma ba su taɓa jin ainihin sunan kakansu ba. Makarantar boko ta ƙara nata, domin an rubuta yara da yawa da sunan garinsu ko unguwarsu ko na mariƙinsu, sai ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunayensu na biyu sun bambanta. Mayar wa jikoki sunan kaka kuma yakan sa a haɗe Muhammadu biyu a ɗauka mutum ɗaya ne. Wannan shi ne kuskuren da zaman taro ya fi saurin kamawa, domin da wuya a rasa wanda zai ce, "A'a Malam, wannan jikan ne."

Yaya ake gano shekaru alhali babu takardar haihuwa?

Ana jingina su da abin da kowa ya sani. Turawa sun shigo Zazzau a 1902, an yi yunwar Kakalaba wajen 1914, annobar murar da ake kira marisuwa kuma a 1918. Sarki Jafaru ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959, Sarki Aminu daga 1959 zuwa 1975, Sarki Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. Idan malami ya rubuta haihuwa da shekarar Hijira a gefen littafinsa, sai a tuna cewa 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882, 1400 kuma a ƙarshen 1979.

Ina ake samun takardu?

Akwatin gida ne farko: rubutun ajami, takardun rabon gado, rasiɗin haraji, tsofaffin hotuna. Bayan nan akwai Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da tsofaffin kofe na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939. Sai dai takardun hukuma sun fi ambaton hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e, talaka kuwa sau da yawa adadi ne kawai a lissafin haraji.

Idan gida ya ce shi jinin sarauta ne fa?

Sai a tambayi hanyar. Gidajen sarautar Zazzau tun bayan jihadi huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma tsofaffin sarakunan Haɓe sun koma Abuja, wato Suleja ta yanzu. Dangantakar ta uba ce, ta uwa ce, ta aure ce, ko ta barantaka? Kirarin maroƙi yana da amfani wajen adana sunaye, amma don yabo aka yi shi, saboda haka ba ya zama hujja shi kaɗai.

Abin da dangi ba sa son a tono kuma fa?

Bincike yakan kai ga rinji, wato ƙauyen bayi, da bauta, ko rigimar gado, ko auren da aka daina zancensa. Irin wannan ba a karanta shi a bainar taro, ba a kuma tura shi zauren WhatsApp. Mai binciken yakan ajiye shi a littafi dabam, ya kai wa babban gidan, shi ne zai ce ga abin da za a saka a salsalar da za a raba wa dangi.