Harbi da baka a Legas: tambayoyi kan natsuwa da saiti

Wasu samari a Agege da suka fara koyon kwari da baka ne suka kawo mini tambayoyin nan.

Malam, ina zan sa idona, kan kibiya ko kan abin harbi?

Kan abin harbi, ɗan'uwa, kuma ba dukkansa ba. Bakan gargajiya ba shi da na'urar saiti, ido da hannu ne ke koyon nisa tare. In buhun yashi ka jingine, ɗiga masa gawayi kamar ƙwayar gyaɗa, ka kafa ido a wurin tun kafin ka ɗaga baka har kibiya ta sauka. Masu gasar Olamfik daga mita 70 suke harbi, amma kai fara daga mita 5. Sai kibiyoyinka sun riƙa taruwa wuri guda sannan ka ja da baya.

Hannuna rawa yake in na ja tsirkiya. Me ya sa?

Kana daɗewa a ja ne. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa, bayan nan tsoka ta fara gajiya. Shaƙi iska yayin ja, saki numfashin kaɗan, tsaya, sannan ka bar yatsu su sake da kansu. Kuma da baya ake ja, tsakanin kafaɗu, ba da damtse kaɗai ba. Abin da na fi nanatawa shi ne yatsanka ya taɓa gefen bakinka a kowane harbi, wuri ɗaya. In ya kauce ko da faɗin farce, kibiya ma ta kauce.

Ga ƙarar janareta da motocin haya na danfo, ina natsuwa?

In shiru kake jira a Legas, ba za ka taɓa harbi ba. Natsuwar tana cikin tsari: tsayuwa, ɗana kibiya, numfashi, ja, saki, kullum iri ɗaya har jiki ya haddace. Da tunani ya shigo tsakiya, sauke bakan ka sake farawa. Babu kunya a ciki. Ni bayan asuba na fi so, kafin gari ya tashi.

Jiya na dace, yau duk kuskure.

Duba tsirkiyar kafin ka zargi kanka. Ta fata tana shan laimar Legas ta saki, musamman da damina, sai kibiya ta faɗi ƙasa da inda ka nufa. Ajiye ta inda babu danshi.

A ina zan yi atisaye?

Inda akwai katanga bayan buhun, babu kuma hanyar da yaro zai gifta.