Waiwaye: Yadda masu binciken makamashi suka samu kunnen gwamnatoci

Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa idan iskar kabon ta ƙaru a sararin sama duniya za ta ɗumama. Ba gwamnatin da ta ko ɗaga kai. A 1958 wani masani ɗan Amurka, Charles Keeling, ya fara awon wannan iska a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai, ya samu kimanin kashi 315 cikin miliyan na iskar sararin sama, yau kuwa ta haura 420. Nan ma shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu.

Tsadar mai ce ta fara buɗe wa masana ƙofa. Da ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfo a 1973, kowace gwamnati ta shiga neman wanda ya san lissafin makamashi. Shekara na zagayowa aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a Faris. A lokacin ne Art Rosenfeld, masanin fizis, ya ajiye babban bincikensa ya koma ƙirga wutar da firiji da ƙwan fitila ke sha a banza. Aiki ne da wasu za su raina, amma irinsa ya sa jihar Kalifoniya ta gindaya wa masu ƙera firiji ƙa'ida. A ganina wannan ya fi dogon jawabi tasiri, domin ɗan majalisa na iya ɗaukar adadin ya zuba shi cikin doka yadda yake.

A 1988 masanin yanayi James Hansen ya gaya wa Majalisar Dattawan Amurka cewa ɗumamar ta riga ta kankama, kuma a shekarar aka kafa IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. Tsarinsa yana da ɗaci da daɗi: masana ne ke rubuta rahoto, amma taƙaitaccen bayanin da ake miƙa wa shugabanni sai wakilan gwamnatoci sun bi shi layi-layi, wani lokaci a kwana ana jayayya kan kalma guda. Ana rage masa kaifi, gaskiya ne. Sai dai wanda ya sa hannu ba ya da bakin cewa bai sani ba.

Birtaniya ta fi kowa nisa a nan. Dokarta ta 2008 kan sauyin yanayi ta kafa kwamitin masana mai zaman kansa. A watan Mayun 2019 ya ba da shawarar a daidaita hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake janyewa zuwa 2050, kafin ƙarshen Yuni ta zama doka. Abin da ya sauƙaƙa hakan shi ne lantarkin sola da na iska sun riga sun yi araha, bayan shekarun bincike da tallafin da Jamus ta ƙarfafa a 2000.

A 2021, hukumar nan da aka kafa don kada mai ya yanke, ita da kanta ta ce idan ana son cimma burin 2050 ba a buƙatar buɗe sababbin filayen mai da gas. Har yau ƙasashe da dama na ba da lasisin haƙo su.